Gwangwanin Baba Tunau

Jiya motarmu ta maƙale a kan doguwar gada,
na leƙa ƙasa, ruwan Ikko ya kwanta da launin tsohon kwano,
sai muryarka ta taso, Baba Tunau:
"Ɗauke inuwarka daga kan ruwa, yaro.
Kifi ba kurma ba ne,
shiru kawai ya fi ka iyawa."

Daga Yawuri ka zo a bayan motar albasa,
da ƙugiya goma sha biyu cikin gwangwanin madara.
Ka tarar da ruwa mai fita da safe ya komo da yamma
kamar ɗan kasuwa,
ruwa mai gishiri-gishiri da bai san sunan kakanka ba.
Damina biyu kana yashe wa Ilaje jirgi
kafin tsohonsu ya nuna maka da haɓa
inda giwan ruwa ke kwana.

Mu bakwai ne, 'ya'yan masu gadi da 'yan dako.
Wata guda ba ka bar ni na jefa fatsa ba,
sai ƙulli, sai kwancewa, sai ƙulli,
har zare ya yi mini kanta a ɗan ali.
Ka ce a ɗora zaren a kan yatsa,
a bambance taɓin kaguwa da na ciyawa
da sallamar babban baƙo.
Ranar da na ciro mai ƙwai ina tsalle
ka karɓe ta, ka zare ƙugiya a hankali
kamar mai cire wa jariri ƙaya,
ka mai da ta.
Na yi kwana uku ban gaishe ka ba.

Yanzu ranar Asabar ake su, Baba.
Daga Leki suke zuwa da jirgi mai inji biyu,
sandar fatsa guda ta fi kuɗin hayar ɗakina a Agege.
Tanarsu ta roba ce, tana ƙyalli, ba ta wari.
Akwai wani allo da ke nuna kifi a ƙarƙashin ruwa
kamar yadda asibiti ke nuna ɗan tayi.
Su kama, su auna, su ɗaga a yi hoto,
su sake shi, a tafa musu.
Kai da ka saki dubu,
ko hoton katin shaida ba ka bari ba.

Ba na zaginsu. Su ke biyana.
Ni ke riƙe musu igiya, ni ke kwance abin da ya sarƙe.

Gurbin nan da aka nuna maka da haɓa
an cike shi da yashi,
bene ne yanzu, hawa tara, da maigadi ɗan garinmu.
Leda ta fi jatan lande yawa.
Sagir ya koma acaba, Ɗanlami na sayar da tumatir,
sauran ban san inda ruwa ya kai su ba.

Amma bari in ba ka labari.
Makon jiya batirin allon ya mutu muna tsakiyar ruwa,
manyan mutane suka yi tsuru-tsuru.
Na tsoma yatsa, na ɗanɗana,
na dubi inda shirwa ke kewaya,
na ce a kashe inji.
'Yar mai jirgin, ba ta fi shekara tara ba,
ta ajiye sandar ubanta ta ce in nuna mata.
Na ɗora mata zare a yatsa.
Muka yi shiru, mun kai rabin sa'a.
Can ta ɗago ido, ba ta ce komai ba,
na san an yi mata sallama.

Gwangwanin na nan a ƙarƙashin gadona.
Saura ƙugiya uku, duk sun yi tsatsa.
Na so in kai maka ɗaya maƙabartar Agege,
sai na tuna yadda kake faɗa in an bar ƙarfe a ƙasa.
Asabar mai zuwa zan goge ta da toka
in ba yarinyar.
Allah ya jiƙanka, ya sa inda kake akwai ruwa mai zurfi.