Gurmi Mai Ƙarin Ruwa

A Jekadafari, bayan shagon mai gyaran fanka,
akwai ɗaki mai ƙofar langa-langa
inda Hammayo ya manna kwalayen ƙwai a bango
wai don kada titi ya shigo masa.
Ni ce maƙwabciyarsa.
Bango ɗaya ya raba mu, shi kuwa ba ya riƙe sirri.

Gurmin na kakansa ne.
Ƙoƙon ya tsage, an ɗinke shi tun kafin a haife mu,
yanzu ya soka masa waya a ciki
kamar majinyacin da ake yi wa ƙarin ruwa.

Ran Laraba ya shiga mota sai Dadin Kowa,
ya tsuguna bakin ruwa da 'yar na'ura a hannu,
ya ɗebo kukan kwaɗi, ya ɗebo nishin kwalekwale.
Masunta suka ce: wannan me yake kamawa,
ba koma, ba ƙugiya?

Da dare sai ga tafkin a ɗakinsa.
Tsirkiya biyu na tafe a hankali
kamar shanun da suka ƙoshi,
ƙarƙashinsu wani amo mai sanyi wanda ba ni da sunansa.
Muryarsa ta kasu uku:
ɗaya kusa da kunnena,
ɗaya can bayan dutse,
ɗaya kamar daga cikin randa.

Masu biki sun zo sau ɗaya, suka ce ba ta rawuwa.
Kawunsa ya ce an lalata gado.
Samarin layi suka ce kiɗan tsofaffi ne
ya ari takalmin yara.
Bai tanka ba. Ya lashi yatsa, ya ƙara ɗaure tsirkiya.

Jiya aka ɗauke wuta ana tsakiyar baiti.
Tafki ya ƙafe nan take,
kwaɗi suka yi tsit,
muryoyi biyu suka kama gabansu.
Saura ɗaya, 'yar siririya, da ɗan dishi-dishi,
tana kiran wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a tashar Kumo
wadda ba ta taɓa ƙirga canji ba.

Na ajiye hular da nake ɗinki.
Na ƙwanƙwasa bangon sau biyu.
Ya ɗauka ƙorafi ne, ya yi shiru.

Na ce: a'a, Hammayo,
koma kan tsohuwar nan.
Ina jin na san ta.