Mai Magana Ɗaya

Babikir ɗan ƙanwata ya zo Maiwurno daga Sannar
da ɗan kwali mai nauyin dutsen niƙa.
Ya ce, "Kawu, magnam ke nan."
Na ce, "Magana?"
Ya yi dariya: "I, magana ce, amma ɗaya yake yi."

Ashirin ne a jere, tagulla na ƙyalli,
kowanne ya fi ɗan alina tsawo,
kuɗin guda ya kai mudu bakwai na riɗi.
Ya bar mini aron bindigarsa,
don tawa ba ta da maƙogwaron haɗiye su.

Ba zan ci amanar gaskiya ba.
Gyadon da ya shekara biyu yana tonon dawata,
wanda ya san iyakar tsohuwar bindigata
kamar shi ya auna da igiya,
ya tsaya hayin rafi, taku ɗari huɗu,
yana kaɗa mini wutsiya.
Iska na busowa daga kogi, ta kwantar da ciyawa,
ba ta kwantar da harsashin ba.
Kafin ƙarar ta dawo daga dutse
ƙato ya durƙusa, bai ƙara taku ba.
Babu bin sawun jini har magariba,
babu dabba mai rauni tana nishi a duhuwa.
Wannan na yaba, kuma ina kan yabawa.

Sai dai jaki ne mai harbi ta baya.
Kwana uku kafaɗata ta ƙi tashi kabbara,
Sittana na gasa ta da tsumma da ruwan zafi,
tana cewa, "Wa aka harba, kai ko shi?"
Kunnen hagu ya kama kukan gyare.
Jikata Batula ta kira ni sau uku,
na waiga wajen akuya.

Na biyu barewa na ba shi.
Wayyo.
Guduma na ɗauka don fasa ƙwai.
Kafaɗa guda ta tafi da iska,
abin da ya rage bai cika tukunyar asida ba,
fatar ma, da na yi wa Batula alkawarin buzu,
ta koma rariya.
Harsashin bai tsaya nan ba, ya wuce abinsa,
can bayan tudu kuwa makiyaya ne da raƙumansu.
Daren nan ko jabana ban iya kurɓa ba
sai da na ga safiya babu mai sallama da sanda.

Na uku ƙasa na ba shi.
Tun yatsa bai taɓa kunama ba idona ya rufe,
jiki ya tuna dukan da ya sha.
Shekara arba'in ina farauta,
ranar na fara jin tsoron abin da ke hannuna.

Usta Mirgani ya leƙa cikin bututun, ya yi tsaki:
"Wuta mai yawa, murhunta take fara ci."

Sha bakwai suna nan a gwangwanin shayi.
In kura ta dawo wa garken Hamad zan buɗe,
don kowace ƙwarya da abokin burminta.
Amma gobe da asuba tsohuwata zan saɓa,
in cire takalmi, in sa iska a fuska,
in ja ciki cikin ƙaya kamar yadda Baba ya koya mini,
har in ji barewa tana tauna.

Da kunnen dama.