Ɗakin Jar Fitila

A Sakkwato, inda rana ba ta yin sallama,
ni aikina ɓoye abu daga rana.
Na liƙe tagogin ɗakin gwaji da baƙar leda,
na naɗe kwalbar kamar jinjiri,
na kunna jar fitila guda, mai kunya,
wadda ba ta tashin mai barci.

Mai barcin magani ne.
Hannu biyu gare shi, da gwiwa a tsakiya.
Cikin duhu a miƙe yake kamar taɓarya,
hannun nan bai san da hannun can ba.
Amma haska masa shuɗi, ƙiftawa kaɗan,
sai gwiwar ta lanƙwashe:
dama ta cafke furotin da ya addabi gida,
hagu ta jawo mai buga hatimi,
a manna wa ɓarawo shaida a goshi,
injin niƙan da ke cikin ƙwayar halitta
ya mai da shi tsaki.
Maƙwabta ko ƙwarzane.

Malam Jabbi mai gadi ya leƙo ran nan,
ya ce, "Ɗiyata, mi kika yi cikin duhu
awa mai wankin hoto?"
Na ce ina koya wa magani ladabi,
kada ya shiga ɗaki sai an yi masa iso.
Ya yi dariya, ya koma ga rediyonsa.

Ban ba shi labarin Gwaggo Ige ba,
mai dambun zogale a Gawon Nama.
Ruwan da aka ɗaura mata ya zo neman ɓarawo ɗaya,
ya cinna wa unguwa wuta.
Gashinta na tsinta a matashi.
Fura ta koma mata ɗanɗanon ƙarfe.
Ta ce, "Luba, ciwon ya fi maganin tausayi."
Ina aji biyar lokacin.
Ban da amsa.

Har yau ba amsa ce a hannuna ba.
Faranti ne mai rijiyoyi ƙanana,
rabi na rufe da kwalin sabulu,
rabi na bar wa haske.
Na san shuɗi ba ya nisa cikin tsoka.
Ɗora tocila a tafinka ka gani:
ja kaɗai ke ƙetarewa.
Ciwon Gwaggo kuwa can ƙasa yake,
inda ko tsakar rana dare ne.

Ƙarfe uku aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari sau biyu, ya kama.
Da asuba sakamako ya fito:
layin da aka rufe baƙi ƙirin,
layin da ya sha haske ya dushe,
kamar sawun akuya bayan yayyafi.

Ban yi guɗa ba.
Sai na maimaita sau uku kafin in yarda.
Na mai da kwalbar cikin duhunta,
na tari keke zuwa Runjin Sambo,
rana na dukan kowa, mai laifi da marar laifi,
ni kuwa ina kare ido da tafin hannu.