Ganye a Cikin Kwal

Shekara talatin da ɗaya ubana ya yi a ƙarƙashin ƙasa,
a wannan kwari na Wales da ruwan sama ba ya sallama.
Gadon da ya bari bai cika aljihu ba:
fitilar hula, da tarin da nake ji ta bango har yau,
da ɓallin kwal mai faɗin tafin hannu
wanda ganye ya kwanta a cikinsa,
jijiya bi da jijiya, kamar jiya aka tsinko shi.

Ran Laraba nakan ɗaga shi gaban 'yan aji uku,
in ce: shekara miliyan ɗari uku.
Nan da kuke zaune fadama ce mai zafi,
mazari na yawo da fiffike kamar na shaho.
Ran Lahadi kuwa, tun da fastonmu ya rasu ba a aiko wani ba,
ni ke taka matakala huɗu na mimbari
in buɗe shafin farko, inda kwanaki shida ne.

Mu goma sha tara ne, har da mai piyano.
Cikinmu akwai Gethin, da kakarsa ke jawowa da kunne,
shi ne kuma a kujerar baya ran Laraba.
A bakin ƙofa, ina gaisa da mutane, ya ɗaga kai:
"Malama Pugh, wace rana kike ƙarya,
Laraba ko Lahadi?"

Kakarsa ta kai masa rankwashi.
Ni kuwa maganar ta bi ni gida,
ta zauna kusa da butar shayi, ta ƙi tashi.

Kwana shida ina juya ta. Nima shida.
Na tuna abin da ubana ya ce ran da ya kawo kwal ɗin:
a can ƙasa, da dutse ya tsage biyu,
sai ya ajiye diga, ya durƙusa cikin ruwan rami.
"An yi wannan ado," in ji shi, "tun babu idon da zai gani."
Bai san lissafin shekaru ba.
Ban taɓa jin wa'azin da ya kai wannan ba.

Lahadi na hau da kwal a aljihun riga.
Na miƙa wa layin gaba: ku taɓa, ku ba na kusa.
Myfanwy da ido ya yi wa nisa
ta bi jijiyar da babban yatsa, tana murmushi.
Dattijo Idwal ya harɗe hannu.
"Littafi ya ishe ni," ya ce, ba a hankali ba.

Na ce musu: agogo zai faɗa maka ƙarfe nawa,
ba zai faɗa maka wa kake jira ba.
Dutsen nan ya san tsawon dare,
Littafin ya san wanda ya ce gari ya waye.
Ban yarda Mahalicci ya binne ƙarya a ƙasa
don ya ga wa zai yi tuntuɓe ba.
Akwai kuma wurin da ɗinkin bai haɗu mini ba,
na nuna musu wurin, ban rufe da tafi ba.

Muka yi waƙar rufewa da baƙaƙen yatsu,
kowane littafin waƙa ya sami tambari.

A ƙofa Gethin ya ce, "Ba ki amsa ba."
"Na amsa rabi."
"To zan sake tambaya ran Laraba."
"Ka zo da fensir."

Kwal ɗin na manta shi a kan benci.
Da na koma ɗauka, Idwal na kashe fitilu,
ya miƙo mini makulli bai dube ni ba.
Babban yatsansa baƙi ƙirin.