Mai Makullin Famfo

Ƙarfe biyun dare a Garin Malam,
jarkoki sun yi sahu kamar tumaki a turke,
tawa ce ta talatin da ɗaya.
Kwana uku famfo bai ce uffan ba,
duwatsun Birni na amayar da zafin rana.

Baba Saini mai makulli
yana zaune kan tsohuwar taya,
Hausarsa da ɓurɓushin Zabarmanci.
Fanna ta ce, "Baba, ba mu ruwa, ko na baki ne."
Sai ya gyara hula.

"Ku da ke kiran tafki teku,
me kuka gani?
A Ayoru aka binne cibiyata,
inda Isa ke buɗe ƙirji,
mai kira daga wancan ƙetare
hannunsa kaɗai za ka gani,
muryar ta nutse a hanya.

Daga duwatsun Gini ya taso,
teku na nan kusa da shi,
ya juya mata ƙeya,
ya nufi rairayi, ya gai da Tumbutu,
sannan ya tuna, ya karkato kudu.
Taurin kai gare shi, irin na raƙumi.

Bozo na can sama da tarunsu,
mu Sorkawa da zago,
Kurtai a tsibiri suna yankan burgu.
Ranar da Fulani suka koro shanu cikin ruwa
ƙaho kaɗai ke tafiya,
ka ce kurmi ne ya yi ƙaura.
Can ƙasa Dandawa, Yawurawa, Nufawa masu dogon jirgi,
har Lakwaja, inda Binuwai ke zuwa da nata launi.
Nan ban je ba, faɗa mini aka yi.

Na ga kada ya shanya baki a yashi,
zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai bin bashi.
Minjirya ta taɓa gaishe ni,
hannun nan ya wuni ba nawa ba.
Giwan ruwa, ƙarti huɗu muka ɗaga.
Ayu kuwa kunya gare shi,
sau ɗaya na ga hancinsa."

Wani yaro ya ce, "Dorina fa?"

Shiru.
Har muka ji jaki na kuka a Zango.

"Kunne biyu ce, da huci.
Mu biyu muka fita da asuba, ni da ƙanena Tinni.
Na dawo ni ɗaya
da filafili biyu.
Inna ba ta tambaye ni ba,
ta dubi hannuna kawai.
Na je tasha, na ce a kai ni
inda ruwa ba ya cin mutum.
Aka sauke ni Damagaram."

Nan famfo ya yi tari,
ya yi kaki, ya tofo jan laka,
sannan ya saki siririn zare.
Sahu ya rikice, Fanna ta manta da labari.
Shi kuwa ya tara tafi,
ya shinshina, ya shafa a fuska.

Da aka zo kaina na ce, "Baba, za ka koma?"
Ya ce, "Matso da bakin jarkarki, ƴata,
yana zuba a ƙasa."

Na ɗauka, gari na wayewa.
Duk takun da na yi
ruwan na bugun jarka a bisa kaina,
kamar akwai mai neman gaɓa a ciki.