Shafi Goma Sha Ɗaya

Shekara tara na yi a gidan kaso
a kan tudun da ke bayan Valparaíso,
inda ake jin kukan jirgin ruwa
amma ba a ganin teku.
Na shiga ban iya rubuta sunana ba,
sai dai a kama yatsana a dangwala.

Tsoho Belisario, mai tarin fuka,
shi ya koya mini baƙi da wasali
da littafi ɗaya tak, marar bango,
wanda wani ya yage ƙarshensa ya naɗe taba.
Labarin wata mata ce
mai jiran ɗanta a tashar jirgin ƙasa.
Sau goma sha huɗu na karanta shi.
Sau goma sha huɗu jirgi na shigowa,
ta miƙe, ta gyara wuyan rigarta,
sai takarda ta ƙare.

Ran da aka sallame ni
ban nufi gidan ƙanwata ba,
na san ta sauya kwaɗo.
Na bi matakala ina ƙirga ta da ƙafa
har wani shago mai warin laima da kananzir,
kyanwa na barci a kan ƙamus.

Doña Eduviges ta ɗago tabarau
da aka ɗaure ƙafarsa da zare.
Na ba ta labarin matar da tashar.
Sunan littafin? Ban sani ba.
Wanda ya rubuta? Ya tafi da bangon.
Ta dubi takalmina marar igiya,
ta daɗe tana dubansa,
ba ta tambaye ni daga ina ba.

"Ba ni da shi," ta ce.
"Amma ina da tsani, gwiwata kuma ta ƙi shi.
Ka iya hawa?"

Haka na koyi allura da gam.
Littattafai na zuwa cikin kwali
daga gidajen da aka yi rasuwa,
bayansu a karye, gefensu duk cin gara.
A cikinsu nakan tsinci tikitin bas,
busasshen fure,
rasidin zoben da aka jinginar ba a fansa ba.
"Duk abin da ke shagon nan," in ji ta,
"wani ya taɓa gajiya da shi.
Har da ni."

A wata na huɗu aka kwantar da ita aikin ido.
Ta bar mini makulli da gwangwanin ciniki.
Mai sayar da kifi na tsallaken titi
ya jawo kujerarsa bakin ƙofa don ya gani.
Kullum dare sau uku nake ƙirga kuɗin,
hannuna na rawa kamar na wani ne.
Da ta dawo, ko murfin ba ta buɗe ba.
Cewa ta yi, "Nibaldo, kyanwar nan ta rame."

Shekara bakwai ke nan.
Idon bai yi ba.
Da la'asar, in hazo ya taso daga teku,
nakan jawo mata bargo in karanta mata,
ita kuma ta gyara mini inda na yi tuntuɓe,
don rabin shagon yana cikin kanta.

Jiya ya zo,
a ƙasan wani kwali, tsakanin littattafan girki,
da bangonsa kore, da sunansa, da komai.
Na ƙirga abin da aka shanye a hayaƙi:
shafi goma sha ɗaya.
Ban leƙa ba. Na kwana da shi a aljihu.

Yau na faro mata shi tun daga farko.
Shayi ya huce, fitilun tashar ruwa suka kama,
jirgi ya shigo,
matar ta miƙe, ta gyara wuyan rigarta,
muryata ta tsaya inda ta saba tsayawa.

"To?" in ji Doña Eduviges.
"Ci gaba mana."

Na lashi yatsa.
Na juya.