Ɗan Aike Mai Surutu

Yammacin Laraba a Farin Gada,
saura kwana uku jarrabawa.
Sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa,
shayina ya huce tun ɗazu.

Na buga umarni, na danna, na zauna.
Allo baƙi ƙirin, ɗigo guda na ƙiftawa
kamar idon ƙadangare a kan dutse.
Daƙiƙa goma. Ashirin. Layi ɗaya ya faɗo.
Sai kuma shiru.

Na zargi waya, na cire na mayar.
Na zargi ruwan da ya wuni yana dukan kwano,
har janaretan maƙwabci bai tsira ba.

Kachollom na ɓare gyaɗa a teburinta,
ko tashi ba ta yi ba:
"Hanya lafiya lau take, Tanimu.
Ɗan aikenka ne mai surutu.
Duk gidan da ya isa sai ya tsaya
tambayar sunan mai gida,
mai riƙe da littafin sunaye kuwa ya yi barci.
Ce masa lamba kawai kake so."

Harafi ɗaya na ƙara.
Amsa ta zubo kamar an farke buhun acca.

Na rubuta a gefen littafi:
kafin ka zagi hanya, duba wa ake jira.

Sai na tuna kakata a Gangare,
ba ta wuce ƙofa sai ta tambayi kowa da sunansa;
gida zuwa kasuwa, awa biyu.
Da ita za ta zauna jarrabawar nan
da ta faɗi warwas, tana dariya.

Gyaɗa ta ƙare. Saura babi huɗu.